Saura Kiris, Ɗalibin Mai Tabarau

Mijin yayata ya yi shekara ashirin da ɗoriya yana koyon aiki guda, kuma har aka garƙame shagon bai iya ba. Haka dai takardun hukuma suka ce. Ni kuwa ƙanin matarsa ne, shagona na kayan wuta bango ɗaya ya raba shi da nasu, don haka ina da abin da zan ƙara a kan takardun.

Shagon tabarau ne. Mai shi wani mutum ne da ya ƙetaro teku tun yana da baƙin gashi, ya zo da injin yanka gilashin ido. Layinmu ya sa masa suna Baƙo, kuma ya tsufa a cikinmu, ya iya zagi da yarenmu fiye da wasunmu, amma sunan bai sake shi ba. Dokar da ta ba shi izinin buɗe sana'a mai sauƙin fahimta ce. Duk wani baƙo zai zauna ya yi aiki idan ya zo da abin da 'yan ƙasa ba su iya ba, da sharaɗin ya ɗauki 'yan ƙasa aiki, kuma ya ajiye ɗaya a gefensa yana koya masa. Duk shekara a zo a duba. Ranar da ɗan ƙasa ya iya, baƙo ya gama amfaninsa, ba za a sabunta masa izini ba, sai ya naɗe tabarmarsa. Na tabbata wanda ya rubuta dokar nan ya koma gida ranar ya ci abinci da daɗin rai. Bai tsaya ya tambayi kansa wane mahaukaci ne zai dage ya koya wa mutum yadda zai kore shi ba.

Baƙo ba mahaukaci ba ne. Da ya tashi ɗaukar ɗalibi, samari suka yi layi a ƙofar shagon. Duk wanda ya ga idonsa a buɗe, ko ya yi tambaya mai ma'ana a kan injin, sai ya yi masa godiya ya ce za a neme shi. Da layi ya zo kan mijin yayata, wanda a lokacin saurayi ne dogo mai manyan yatsu, Baƙo ya miƙa masa gilashi ya ce ya riƙe. Ya karɓa, ya juya shi, ya suɓuce ya tarwatse a ƙasa. Ya sunkuya zai tsince, ya buga kai da kanta. Baƙo ya ce ya zo gobe da safe.

A wannan shekarar ya zo neman auren Yaya. Mahaifinmu ya tambaye shi sana'arsa, ya ce koyon aiki yake yi. Tsohon ya ji daɗi, ya ce yaron da ke koyo yana da gaba. Allah ya jiƙan mahaifinmu, ya ga jikoki biyar kafin ya rasu, surukinsa kuma yana nan yana koyo.

Matsalar ita ce mutum ba ya zama kusa da inji shekara da shekaru ya kasa ɗaukar komai, ko da ya yi niyya. Baƙo ya yi iya ƙoƙarinsa, kada a zalunce shi. Idan zai yanka gilashi sai ya aiki ɗalibin sayo ruwan sanyi, ko ya juya masa baya ya tare injin da kafaɗa. Amma inji yana da murya. Dutsen da ke cin gefen gilashi kukansa daban idan aiki na tafiya daidai, daban idan an danna da yawa, kuma kunne ba a aikensa sayen ruwa. Kafin a ankara mijin yayata ya san komai. Ya karanta takardar likita, ya ɗiga alama a tsakiyar gilashi daidai inda ƙwayar idon mai shi za ta zauna, ya manna shi a mariƙi, ya sakar wa dutsen ruwa, ya fitar da gefe sumul. Ya tsoma firam, wato jikin tabarau, a cikin tiren yashi mai zafi har robar ta yi laushi, sannan ya danna gilashin da babban yatsa, ka ji ƙas, ya zauna kamar a can aka haife shi. Yatsun nan da suka yi kama da na mai faskare su ne suke ɗaura ƙusar da sai ka runtse ido kake ganinta.

Ranar da Baƙo ya gane, ba a yi faɗa ba. Ta bango na ji su.

"Wa ya yanka wannan gilashin?" in ji Baƙo.

"Ni ne, Maigida. Na ga mai shi yana sauri."

Can Baƙo ya ce, "Ya yi kyau. Kada ka sake ya yi kyau a gaban sufeto."

Daga nan sana'ar mijin yayata ta rabu biyu. Duk tsawon shekara yana yanka gilashi, rana ɗaya kuma yana kasawa, kuma a kan wannan rana ɗaya albashinsa ya rataya. Kada ku ɗauka kasawa abu ne mai sauƙi. Idan ya nuna shi daƙiƙi ne gaba ɗaya, sufeto zai rubuta cewa Baƙo ba ya koyarwa, ko a ce a canja ɗalibi. Idan ya nuna ya iya, Baƙo ya hau jirgi. Dole a tsaya a tsakiya, a nuna ana ci gaba amma ba a isa ba. Kuma ba a maimaita kuskuren bara, don za a ce ba a motsa ba. Saboda haka duk shekara sai ya ƙirƙiro sabo. Wata shekara ya sa gilashin dama a hagu. Wata shekara ya yanka shi ya ragu da ɗan kaɗan, yadda zai zauna lafiya sai mai shi ya sunkuya ya faɗo. Wata shekara ya bar firam a cikin yashi ya narke ya lanƙwashe, ya ɗago shi yana kallo da fuskar maraya. Ni nakan rufe shagona in je in tsaya a bakin ƙofa, don ban taɓa ganin wasan da ya kai wannan ba kuma kyauta ne.

Idan lokacin ya matso sai ya daina cin abinci sosai. Yaya ta ajiye masa kwano ta ga yana kallon bango.

"Baban yara, lafiya?"

"Kuskuren bana nake nema."

"Ka dubi auren da na yi, ka ara."

Sufeton wancan zamani dattijo ne mai son shayi da madara da yawa. Yakan zauna a kujerar da ake gwada wa mutane tabarau, ya kalli kuskuren shekara, ya girgiza kai cikin tausayi, ya ce, "To Maigida, yaya ɗalibin namu?" Baƙo kuma ya haɗa yatsa biyu ya bar ɗan tsakani, ya ce, "Saura kiris." Sufeto ya buga hatimi, ya shanye shayinsa, a rabu sai baɗi. Daga nan layi ya samo wa mijin yayata suna. Har 'ya'yansa in an tambaye su 'ya'yan wa ne, sai su ce na Saura Kiris.

Su ma 'ya'yan sun sha nasu. A makaranta in aka tambayi aikin uba, sai su ce ɗalibi ne, malami ya ɗauka rashin kunya ce. Da safe gidan yakan watse gaba ɗaya, kowa ya tafi neman ilimi, uwa kaɗai ke zama. Babbar 'yarsa ta shiga makaranta, ta fita, ta yi karatun jinya, ta fara aiki a asibiti, ubanta bai gama zangon farko ba. Ranar da ta karɓo shaidarta na ce masa ya riƙe ta ya ji yadda take a hannu. Ya ce in fita masa daga gida. Na ce gidan yayata ne, ɗalibi ba ya korar baƙi.

Ana haka Baƙo ya tsufa. Hannunsa ya fara rawa, har in ya ɗauki kofi sai ka ji cokali na kiɗa a ciki. Idonsa kuma ya yi hazo irin wanda tabarau ba ya magani, abin da ya fi komai ba shi haushi. Ya daina taɓa injin kwata-kwata. Sai ya sa farar rigarsa ta aiki ya zauna a gaban shago, ya karɓi takardar likita ya kawo ta dab da hanci kamar yana karantawa, ya ce wa mai ita, "Yaro zai gwada, ni zan duba." Yaron ya fito daga bayan labule da furfura a gemu ya karɓa. Da rana su baje abinci a kan kanta su ci kwano ɗaya, suna gardama a kan wanda ya bar famfon injin a buɗe. Baƙo ba shi da kowa a can inda ya fito. Ya taɓa gaya mini cewa unguwar da aka haife shi an rushe ta an yi wurin ajiye motoci, kuma waɗanda suka san sunansa na gaskiya duk suna ƙarƙashin ƙasa. Izinin nan na shekara-shekara shi ne gidansa, shi ne danginsa. Mijin yayata kuma bai taɓa karɓar albashi daga hannun wani ba.

Sai dattijon sufeto ya yi ritaya, aka turo wata.

Yarinya ce a idonmu, ba za ta girmi 'yar Saura Kiris da yawa ba. Ta shigo da jaka a kafaɗa da katin aiki rataye a wuya. Aka kawo shayi ta ce ta gode, ta sha a gida. Tun daga nan na san yau akwai kallo. Ta duba mai shara da mai karɓar baƙi, ta tabbatar mutane ne masu rai ba sunaye ba, sannan ta zaro takardar likita ɗaya daga cikin aikin da ke jira, ta ɗauko firam daga kanta.

Mijin yayata ya gyara tsayuwa ya miƙo hannu. Ya yi wata guda yana shirya kuskuren bana, kuma ya gaya mini yana alfahari da shi.

"Ba kai ba tukuna, Baba," in ji ta. "Izinin ya ce Maigida yana da ƙwarewar da babu a ƙasa. Ita nake so in fara gani."

Ba wanda ya taɓa tambayar wannan. Shekara ashirin ana zuwa a ga wanda bai iya ba, ba a taɓa cewa a ga wanda ya iya ba. Baƙo ya miƙe a hankali, ya gyara farar riga, ya shiga bayan labule kamar mai shiga ɗakin tiyata a matsayin maras lafiya. Ta ɗage labulen ta tsaya. Ya laluba ya kunna injin. Ya ɗiga alama a gilashi, ta sauka can gefe kusa da kunne. Saura Kiris yana bayansa yana tari, tari ɗaya na nufin matsa hagu, biyu na nufin sassauta, har sufeto ta tambaye shi ko a kawo masa ruwa. Dutsen ya kama gilashin da wani kuka da ban taɓa ji ta bangona ba, gefen ya ɓantare. Aka ba shi na biyu. Wannan bai ma kai ga dutsen ba, ya kuɓuce ya faɗa cikin ruwan injin.

Baƙo ya kashe injin ya koma kujerarsa ya zauna, ya ɗora hannuwan a cinya yana kallonsu suna rawa.

Sufeto ba muguwa ba ce, wannan kam na shaide ta. Ta juya wajen mijin yayata ta sassauta murya.

"Baba, kafin in shigo na tsaya a layin nan na yi tambaya. Kowa ya san wanda ke yin aikin shagon nan. Ga gilashi. In ka yanka shi daidai, zan rubuta cewa koyo ya kammala, lasisin shago ya koma sunanka. Abin da aka yi dokar dominsa ke nan."

"Shi kuma Maigida fa, ranki ya daɗe?"

"Izinin aikinsa ya ƙare ko ka yanka ko ba ka yanka ba. Akwai takardar zama da ake ba tsofaffi, sai ya nema. In shagon na nan kuma kai ka tsaya masa, wataƙila a duba. Ban yi maka alkawari ba."

Daga bakin ƙofa na ce, "Saura Kiris, yanka mana, yau ce ranar yaye ka." Ta waiwayo ta tambayi ko ni wane ne. Na ce maƙwabci ne, mai fatan alheri.

Ya karɓi gilashin. Ban taɓa ganin aiki mai kyau irin na ranar ba. Ya kalli takarda sau ɗaya, ya ɗiga alama ba tare da ya auna sau biyu ba. Injin da ya gama kururuwa a hannun mai shi ya koma yana gurnani a hankali kamar kyanwa. Ya fitar da na dama, ya fitar da na hagu, ya shafa gefensu da yatsa. Ya tsoma firam a yashi ya ciro a daidai lokaci. Na dama ya shiga, ƙas. Ya ɗora babban yatsa a kan na hagu. Sai ya ɗago kai, ya ga sufeto ta buɗe alƙalami ta ɗora a kan takarda tana jira. Ina kallon yatsan nan ya gusa daga gefe ya koma tsakiya, inda shi da kansa ya sha gaya mini ba a dannawa. Gilashin ya tsage gida biyu.

Daga kujerarsa, ba tare da ya ga abin da ya faru ba, jin ƙarar kawai, Baƙo ya ɗaga yatsa biyu masu rawa ya ce, "Saura kiris."

Sufeto ta dubi mijin yayata. Ta ce, "In ba ka wani?" Ya ce a'a, ranki ya daɗe, sai dai baɗi in Allah ya kai mu. Ta ce babu baɗi. Ta rubuta abin da ta gani da idonta, wato baƙon ba shi da ƙwarewa, ɗan ƙasan bai koya ba, kuma shagon da ke sayar wa jama'a gilashin ido ba shi da ko mutum ɗaya da ya iya yanka shi. Ba a jima ba aka zo aka sa kwaɗo.

A gida Yaya ba ta yi kuka ba, da ma ta yi da ya fi masa sauƙi.

"An miƙo maka shago a hannu ka fasa."

"Tsohon nan fa, in na karɓa kamar na kore shi ne."

"Yanzu da ba ka karɓa ba ya zauna ke nan? Ka faɗi gaskiya, tsoro ka ji. Ka ga za a fara zuwa wurinka neman haraji, a kawo maka ƙara, a ce ina mai shago ka rasa bayan wanda za ka ɓuya."

"Ba haka ba ne."

"To yaya ne?"

Ya daɗe yana juya hannunsa yana dubawa. Ya ce, "Wallahi na yi niyyar in sa shi daidai. Hannun ne. In ya ga ma'aikacin hukuma da alƙalami, shi ke yanke shawara."

Ni na yarda da dukansu ukun, tausayin da tsoron da hannun, don na san shi, yana da wurin da zai ɗauke su duka.

Mun raka Baƙo filin jirgi da akwati biyu. An sayar da injin ga masu gwangwan saboda babu wanda takarda ta yarda ya iya aiki da shi. Wajen sallama tsohon ya riƙe hannun ɗalibinsa ya ce, "Ni na tsufa, nawa ya wuce. Kai me ya sa ka fasa?" Mijin yayata ya ce, "Maigida, a duk aikin nan shi kaɗai ne ka koya mini da bakinka." Baƙo ya yi dariya har ta koma tari, ya cire farar rigar daga saman akwati ya ba shi. Yaya tana goge tagogi da ita yanzu.

Daga nan ya shiga neman aiki a sauran shagunan tabarau na gari, waɗanda rabin masu su a wurinsa suke kawo aikin da ya gagare su a ɓoye. Kowanne ya tarbe shi da fara'a, ya ba shi kujera, ya ce ai shi ya san hannunsa, amma hukuma tana neman shaida, kuma shaida ɗaya da ke akwai a kansa ita ce wadda ta ce shekara ashirin bai iya ba. Wani ma cewa ya yi in mutane suka ga Saura Kiris a bayan kantarsa, za su ɗauka gilashin ma saura kiris ne.

Muna cikin tausaya masa sai motoci suka fara tsayawa a ƙofar gidan. Ashe labari ya zaga cikin baƙin da ke da kamfanoni a gari, cewa akwai wani ɗan ƙasa da aka ɗora wa lasisi a tafin hannu a gaban sufeto ya ƙi iyawa. Irin wannan amana ba a samunta a kasuwa. Mai kamfanin sabulu ta zo, mai haɗa injin ban ruwa ya zo, har suna ƙara wa juna farashi a tsakar gidan yayata, ita kuma tana ba su ruwa tana harararsa. Bai taɓa sanin yana da daraja haka ba. Ya zaɓi wani saurayin baƙo mai kamfanin lif, ɗakin nan da ke hawa da mutane saman dogayen benaye, don shi ya fi ba da albashi kuma ya haɗa da babur.

Kwanan baya na same shi a gindin wani sabon bene, sanye da hular kwano, yana riƙe wa maigidansa fitila. Ya yi ƙiba. Ya ja ni gefe ya ce abu ɗaya ke damunsa, sabon maigidan nan nasa bai iya ɓoye aiki ba, komai a gabansa yake kwancewa, ga shi har ya fara gane kukan igiyar lif ɗin. Kuma an ce masu dubawa na nan tafe. Ya ce gilashi in ka fasa shara kawai za a yi, amma wannan sana'ar ya rasa ta inda mutum zai kasa a gaban hukuma ba tare da an yi jana'iza ba, ko ina da shawara.

Na ce ba ni da ita. Ina da mai sayen kaya a hawa na tara na benen nan, kuma tun ranar ta matakala nake kai masa.